Zaɓen UPS na Kwamfutar Gida: A Lissafa Wat, A Duba Batir

UPS na'ura ce mai batir da ke ci gaba da ba kwamfuta wuta idan an ɗauke ta layi. Tambayar farko da ake yi mana a shagonmu na Gombe ita ce: awa nawa wannan UPS ɗin yake riƙe wuta? Amsar ba ta yi wa mai saye daɗi. Ƙaramin UPS mai sauƙin kuɗi mintuna yake bayarwa, iyaka dai mutum ya adana aikinsa ya kashe kwamfuta, ko ya fita ya tayar da janareta. Mai son kwamfutarsa ta wuni a kunne babu wuta, inbata da babban batir ko sola yake nema, wannan kuwa wani ciniki ne daban.

Ga dalili. Idan aka kwance UPS mai lamba 650VA (VA ma'aunin ƙarfin UPS ne), batir ɗaya za a tarar a ciki, mai bolt 12 da 7Ah (Ah ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne). A ninka 12 sau 7, ya ba da 84, wato wat 84 na tsawon awa ɗaya a kan takarda. Amma batirin dalma ba ya ba da duk abin da ke cikinsa in aka ja shi da ƙarfi, wani kason kuma yana tafiya a zafi wajen mayar da bolt 12 zuwa 230. Kwamfutar tebur ta aikin rubutu da lissafi, haɗe da allonta, takan ja wat 100 zuwa 150. Sabon batir zai riƙe ta minti 10 zuwa 15. Duk wanda ya ce maka awa biyu, kayansa kawai yake son sayarwa.

Lambar VA da ake bugawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali ita ce ke ruɗin mutane. A ƙananan UPS, ainihin wat ɗin da suke ɗauka kusan kashi 60 cikin 100 ne na wannan lamba: 650VA yana tsayawa wajen wat 360 zuwa 390, 1500VA kuma wajen 900. Muna ba da shawarar kada a ɗora fiye da kashi 70 na wannan. Saboda haka 650VA ya ishi kwamfutar gida ɗaya da allo. Mai aikin zane ko haɗa bidiyo, wanda kwamfutarsa kan kai wat 300 zuwa 400, ya ɗauki 1200VA ko 1500VA mai batir biyu. Irin waɗannan manyan kwamfutoci wani lokaci sukan mutu da zarar UPS mai araha ya koma batir, domin wutar da yake fitarwa ba ta da santsin ta layi. A gwada su tare kafin a biya. Mai laftof kuwa ya riƙe kuɗinsa, batirinsa yana jikinsa. Ƙaramin UPS na bolt 12 don na'urar intanet ya wadatar da shi.

Abin da ba ma sassautawa a kai shi ne AVR, sitabilaizar da ke cikin UPS. A unguwar da taransifoma ta cika da kaya, wuta kan yi ƙasa da magariba, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. UPS marar AVR zai ɗauka wutar ta tafi, ya koma batir, ya cinye shi tas alhali ƙwan ɗaki yana ci. Mai AVR ɗaga wutar yake yi ba tare da taɓa batir ba. A juya bayansa a karanta iyakar wutar da yake karɓa. Da yawa suna rubuta bolt 140 zuwa 300. Ƙaramin janareta shi ma yakan jawo irin wannan, domin gudunsa hawa da sauka yake yi, sai UPS ya ƙi wutarsa ya yi ta ƙara. Maganin a gyara gudun janaretan ko a rage masa kaya, ba a canza UPS ba.

Batir ne rabin cinikin. Tun a shago yake fara lalacewa in ya yi wata shida ba a caja ba, shi ya sa UPS mai ƙura a kan kanta abin tuhuma ne ko da kwalinsa a rufe yake. Mukan ɗora mitar auna bolt a kan batirin: cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.7 zuwa 13. Mita kaɗai takan yi ƙarya, don haka sai a haɗa masa ƙwan fitilar mota mai wat 55. Idan ya faɗo ƙasa da 11 nan take, ya gama yawo. A kuma ɗaga shi a hannu. Na gaske mai 7Ah ya kai kilo 2 ko ya ɗan haura, wanda aka rage wa dalma kuwa shafal za a ji shi. Sabon UPS a bar shi a caji awa 8 kafin a ɗora masa komai.

Zafin garin nan ma yana cin rabonsa. An ƙera waɗannan batura ne don digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. A Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke kai 40, UPS da aka cusa ƙarƙashin tebur jikin bango dahuwa yake yi. A ba shi tazara, a kaɗe ƙurar hunturu daga ramukan iskarsa. Batirin da ya kumbura a cire shi. In biyu ne a canza su tare, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

Abu biyu ne suka fi kawo mana UPS a ƙone. Na farko firinta mai amfani da garin tawada, wadda kan ja ɗaruruwan wat lokacin da take dumama kanta; soket ɗin bango ne wurinta. Na biyu dabarar nan ta jona batirin mota don a ƙara lokaci. Cajar da ke ciki ba ta wuce amfiya ɗaya, ba za ta cika shi ba, taransifomar cikin UPS ɗin kuma babu fanka a kanta, an yi ta ne don aikin mintuna. A ja ta awa guda, sai warin ƙonanniyar waya, kuma kuɗin naɗa wata yakan kusa kuɗin sabon UPS.