Awa nawa ne daga Kano zuwa Jidda?

Daren da takardar jirgin Inna ta iso, tana zaune kan darduma bayan Isha'i, ta ce in karanto mata. Na ce tashi daga Kano ƙarfe 1 na rana, sauka Jidda ƙarfe 9 na dare. Ta ƙirga da yatsu, ta dafa gwiwarta mai ciwo. "Awa takwas a zaune, ɗan nan? Ƙafar nan ba za ta yarda ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. Taransu bakwai ce a nan Tudun Wada, wato zaman awa shida ne. Shi ma shidan ba haka yake a da ba. Tsakanin Kano da Jidda kilomita wajen 3,400 ne idan an miƙe ta kan Chadi da Sudan aka tsallake Bahar Maliya, jirgi kan cinye shi cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka koma zagaye. Yaƙin da muke ji a rediyo, ga shi ya taɓa gwiwar tsohuwa a Zariya.

Da ta ji an ambaci Sudan sai ta yi shiru. Can ta ce kakanta a can ya kwanta dama. Da ƙafa ya bar Zazzau, shi da jaki da buhun gero, ya bi ta Borno, yana tsayawa noman ƙodago duk inda guzuri ya ƙare. Shekara uku ana samun saƙonsa a bakin fatake, daga nan shiru. Irinsu da yawa ba su dawo ba. Har yau akwai Hausawa a Mai Wurno, bakin kogin Nilu, jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ni ban taɓa jin wannan labari daga bakinta ba sai daren nan, kuma ya tsaya mini a rai.

Ranar tafiya muka fita da asuba ta Kwangila, muka kama hanyar Kano. A filin jirgin Malam Aminu Kano na roƙa mata kujerar gefen hanya don ta riƙa miƙe ƙafa, na cusa mata man zafi da dabino a jakar hannu. Ta riƙe hannuna ta ce, "Idan mun zo saitin Sudan, wa zai gaya mini? Ina so in yi masa addu'a."

Na ce, "Inna, ba ta nan za ku bi ba."

Ta ce to, za ta yi masa tun daga tashi har sauka.