Zagaya birnin Katsina da ɗalibai: abin da aikin ya koya mini

Ina koyar da tarihi a wata sakandare a cikin birnin Katsina, kuma duk shekara da sanyi ya shigo ni ake ɗora wa fita da ɗalibai yawon buɗe ido. Tun daga nan abokai suka mai da ni ɗan jagora, duk wanda ya yi baƙi daga Kano ko Zariya ko ƙetaren iyaka sai ya turo mini su. Hanyar kusan ɗaya ce: Hasumiyar Gobarau, Ƙofar Soro a gaban Gidan Korau, tsohuwar Kwalejin Katsina da ta koma gidan adana kayan tarihi, sannan a bi ƙofofi a ga guntayen ganuwar da suka saura.

Wannan ɓangaren ba ya ba kowa wahala. Ka ce Muhammadu Korau ne sarkin Katsina na farko Musulmi, ka ce Shehu Magili ya sauka a garin nan a ƙarshen ƙarni na 15, ka ambaci Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ka nuna inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu bayan buɗe kwalejin a 1922. Yara su rubuta, baƙi su ɗauki hoto. Duk gaskiya ne, ni ma ina alfahari da shi. Sai dai na lura cewa abin da ya rage a tsaye, wanda za ka iya nunawa da yatsa, na waɗanda suka yi nasara ne. Wanda aka kora da wanda aka kama ba su da ginin da ke hannunsu. Idan jagora ya tsaya ga gine-gine kawai, rabin mutanen garin ya baro a baya.

Ko labarin Korau ɗin ma, a yadda bakin magabata ya kawo shi, da jini ya fara: kokawa ya yi da Sanau, sarki na ƙarshe daga Durɓawa, ya kayar da shi bayan an tona masa asirin layunsa daga cikin gida, ya kashe shi. Yara na son wannan labarin, don ya yi nisa, babu wanda zai ji ciwo. Wuyar tana farawa ne daga 1807.

A shekarar ne mutanen jihadi suka ci Katsina, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarakunan Haɓe suka fita zuwa Ɗankama, aka sake cin su a can, kuma ana cewa sarkinsu Magajin Halidu ya faɗa rijiya don baƙin ciki. Waɗanda suka tsira suka bi Ɗan Kasawa, daga baya suka kafa zama a Maraɗi. A littafin makaranta labarin a nan yake ƙarewa, da layi biyu. Wani dattijo daga Maraɗi ne ya buɗe mini sauran. Muna tsaye a Ƙofar Soro ina bayani, yana jingine da sandarsa, ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Malam, ka iya zance. Amma ka san sarkinmu har gobe Sarkin Katsina ake ce masa?" Na ce, "Na sani, Baba." Ya ce, "To ka riƙa faɗa wa yaran nan. Gidan nan da kake nuna mini, mu ba baƙi ba ne a cikinsa." Bai ɗaga murya ba, bai kuma nemi a ba shi haƙuri ba. Ya nemi dai a ƙidaya su.

Tun daga ranar, idan na zo wurin nan nakan faɗi daga bakin wa kowane zance ya fito. Abin da Katsina ke kira hare-haren Maraɗawa, musamman zamanin sarkinsu Ɗan Baskore, a can yunƙurin komawa gida ne. Kuma yaƙin bai tsaya kan sarakuna ba. Shekaru da dama ana kai hari ana ramawa, ƙauyuka na tashi, fatake suka karkata Kano. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya shigo a 1851, ya tarar da ganuwa mai zagayen mil 13 zuwa 14, amma ya ƙiyasta mutanen cikinta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Nakan karanta wa ɗalibai wannan adadin muna saman Gobarau, suna kallon rufin kwano har iyakar ganinsu, in ce su cire duk wannan a ransu su sa gonaki da kufai.

Kowane hari kuma da kamammu yake ƙarewa, kuma a nan ne aikin jagora ya fi nauyi. Katsina tashar fataken Sahara ce, ayari na tashi zuwa Agadas da Gat har Tarabulus, kuma cikin hajar akwai mutane. Wasu ba su ƙetare hamada ba, an zuba su a rinji suna noma wa masu gari, wasu sun shiga gidaje, 'ya'yansu suka tashi cucanawa. Akwai bayin sarki da suka riƙe muƙamai suka fi 'ya'ya da yawa ƙarfi, wannan ma gaskiya ne, amma ba na yarda a yi amfani da shi a rufe bakin sauran zancen. Turawa sun shigo ta Ƙofar 'Yandaka a 1903 ba tare da yaƙi ba. Dokarsu ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma iyayensa sai dai su yi ta biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don ya bar shi ya yi aikin kansa, su tara kuɗin fansa. Ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kakan wani cikin ɗalibaina yana raye a lokacin.

Wannan kusancin shi ne dalilin shirun, kuma na daina ganin shirun a matsayin jahilci. Mutane sun sani sarai. Ana binciken asali kafin a ba da aure, ana raɗa a zaure. An ce Katsinawa kunya gare mu ba dai tsoro ba, to a wannan batun kunyar tana kare wasu, tana kuma binne wasu. Wata shekara, ina cikin bayanin rinji a gindin ganuwa, wani yaro ya zunguri na kusa da shi ya ce, "Kai ake nufi." 'Yan ajin suka fashe da dariya. Wanda aka zungura bai yi ba, ya sunkuyar da kai yana kankare murfin littafinsa da farce. Bafulatani da Babarbare na kiran juna bawa a yi raha, domin kowa ya san wasa ne. Wannan ba shi ba ne.

Saboda haka na kafa wa kaina iyaka. Ina faɗin yadda tsarin ya gudana, wa ya amfana, da wace hanya mutum ke fita daga cikinsa. Ba na ambaton unguwa, ba na ambaton gida, ba na fassara zanen fuskar kowa, ko da baƙo ya matsa. Wasu abokan aikina na ganin wannan rabin gaskiya ne. Ni kuma ina ganin sunan gida ba ya ƙara wa ɗalibi fahimta, sai dai ya ba shi makamin gori. Haka nake yi da batun sarautar da ta bar gidan Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje, ta koma hannun Muhammadu Dikko na Sulluɓawa a 1906, bayan Turawa sun tuɓe Abubakar sannan Yero. Jikokin gidajen biyu na iya kasancewa a benci ɗaya, don haka nakan ba da shekaru da abin da ya faru, in bar hukunci.

Bayan an dawo nakan ba da aikin gida: kowa ya tambayi babba a gidansu yadda zuriyarsu ta shigo garin, da sharaɗin ba wanda za a sa ya karanta nasa a gaban aji. Wasu na kawo shafi uku, daga Agadas ko Borno ko Futa. Wasu na kawo layi ɗaya, cewa kaka ta ce ba a tambayar wannan. Duka nakan ba su cikakken maki.