Koren da ya ruɗe ni a bakin kogin Gash

Da kwamfuta a hammata na je gidan Kawu a Kassala, gabashin Sudan, ina ta ɗoki. Na jera hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat na yankin gonarsa da ke bakin Gash, shekara bayan shekara. Tun 1972 taurarin nan ke ɗaukar hoton ƙasa, kuma daga 2008 kyauta ake saukewa. Ganye mai rai yana mayar da wani haske da ido ba ya gani, da shi ake ƙiyasta yawan tsiro. Kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 30 kowane gefe.

Na ce, "Kawu, albishirinka. Gonarka ƙara kore take yi, har da rani."

Ya dube ni ya ce, "Har da rani? Ɗana, sa takalminka."

Da muka isa, kunya ta kama ni. Miskit ne ya cinye rabin gonar, ƙaya ko'ina, ko jaki ba ya ratsawa. A 1917 aka shigo da itacen nan Sudan, daga baya aka yi ta dasa shi don tare yashi, a 1995 kuma gwamnati ta ce a tumɓuke shi. Awaki su ci 'ya'yansa, su watsa irin a kashinsu. Saiwarsa na nitsawa ta sha ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ba ya bushewa. Tauraro ya ga kore, ni kuma na ɗauka lafiya ce.

Kawu yana da nasa ma'aunin. Buhu nawa na dawa faddan ɗaya (kusan eka guda) ya bayar bana, nawa ya bayar bara. Gaba nawa igiyar guga ta ƙaru. Ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina, ya nuna min inda ta yi ɓawo ruwa ke zamewa a kai. Ba ya rubutawa, wannan ne kawai abin da nake ƙi da hanyarsa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma abu uku take dubawa wajen auna lalacewar ƙasa: abin da ya rufe ƙasa, yawan tsiron da take fitarwa, da sinadarin kabon da ke cikinta. Na biyun kaɗai na duba na tafi yin albishir.

Yanzu duk ɗigon da ya ba ni shakka, sai na ɗauki lambarsa ta GPS a waya, na taka da ƙafa, na ɗebo ƙasa a leda don awo. Na kuma saya wa Kawu littafi. Jikarsa ke rubuta masa buhunan.