Gyaɗa huɗu a cikin hula

Talata, Katsina.

Hazo ya kwana a gari. Da na leƙa waje bayan sallar asuba ko bishiyar dalbejiyar da ke gaban hostal ban gani sosai ba. Babu wuta, saboda haka babu ruwan zafi, na yi wankan da ya fi kama da horo, na shafe leɓe da ƙafa da basilin, na sayi koko da ƙosai a bakin get na sha a tsaye. Bakwai da rabi ina sashen yara.

Yau ranar ganin masu sikila ce, kuma duk wanda ya taɓa zama wurin a hunturu ya san yadda benci ke cika. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, yara kuma ba su son shan ruwa in ba su jin zafi, sai ciwon ƙashi ya tashi. Uwaye sun naɗe 'ya'yansu da zannuwa biyu-biyu, idanu kaɗai ake gani, wasu idanun sun yi ɗorawa.

Aikina a wannan watan, a matsayina na ɗalibar likitanci, shi ne taya rajistaranmu, wato likitan da ke koyon ƙwarewa, tattara bayanan binciken da zai miƙa don jarabawarsa ta zama ƙwararren likitan yara. Ni ke karanta wa iyaye takardar neman yarda, in yi tambayoyin, in cike fom. Kwamitin ɗa'ar bincike ya ce dole a karanta wa kowa da harshen da yake ji, ya sa hannu ko ya dangwala, kuma a faɗa mashi ƙarara cewa ko ya ƙi za a duba ɗansa yadda ake duba kowa. Takardar an juya ta zuwa Hausa, amma irin Hausar da ba a yi da kowa a kasuwa. In na karanta layi ɗaya sai na sake faɗinsa da bakina.

Ta tara a layina wata mata ce daga wajen Mani, ba za ta wuce shekara 25 ba. Babban ɗanta mai shekara huɗu SS ne, wato yana da sikila, an daɗe da sani. Na bayanta wata takwas gare shi, kuma makonni biyu da suka wuce bayan hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ya yi ta tsala ihu in an taɓa. Wannan kumburin sau da yawa shi ne sallamar farko ta cutar, domin wajen wata shida ne jinin da jariri ya zo da shi daga ciki ke ja baya, nasa na kansa ya karɓi aiki. Sakamakon gwaji ya fito yau. Shi ma SS.

Rajistara ya faɗa mata a hankali, aka kira shi ɗakin gaggawa, ya bar ni da ita. Ta daɗe tana kallon takardar da ba ta iya karantawa, sannan ta ce, "Likita, ai ce mani aka yi ɗaya cikin huɗu. Ga ɗayan nan na riga na samu. Mi ya kawo na biyu?"

Ban gyara mata cewa ni ɗaliba ce ba. Na jawo takarda na zana akwatin nan mai gida huɗu da aka koya mamu tun aji biyu, A da S na uba a sama, A da S na uwa a gefe, na shiga cike gidaje ina bayani: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Tana ta cewa "to, to". Na san wannan "to" ɗin, irinsa nake yi wa malamin ilmin magunguna. Abin da na zana ma ƙara mata hujja ya yi, gida huɗu ne, ɗaya ya cika, saura uku.

Sista mai kula da asibitin, wadda ta fi shekara ashirin a wurin, tana jin mu daga teburinta. Ta taso ba ta ce mani komai ba, ta zaro ƙullin soyayyar gyaɗa daga aljihu, ta ware huɗu, ta murje ɓawon ɗaya ta zama fara a matsayin SS, ta zuba su a hular yaron. Ta ce, "Ɗiyata, rufe ido ki ɗauko ɗaya." Ta ɗauko ja. Sista ta karɓa ta maida cikin hula, ta girgiza. "Sake." Fara. Ta maida, ta girgiza. "Sake." Ja. "Sake." Matar ta tsaya da hannunta a bakin hular, ta buɗe ido ta ce, "Ashe maida ta ake yi."

Shi ke nan bayanin. Kowane ciki da tasa hular, gyaɗa huɗu cif. Na yi shekara uku ina amsa wannan tambayar daidai a jarabawa, ban taɓa tunanin yadda "ɗaya cikin huɗu" ke sauka a kunnen wadda ke ƙirga 'ya'ya da yatsunta ba. Wanda ya fara faɗa mata bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya faɗa.

Ta share ido da bakin mayafi ta ce Allah ne mai rabawa. Sista ta ce haka ne, ta ɗora da zancen ruwa, da gidan sauro, da folik asid, da kawo yaro da wuri in jikinsa ya yi zafi. Da na dawo kan takardar yarda sai ta tambaya ko in ta dangwala za a riƙa ba ta magani kyauta. Na ce a'a. Ta ce to sai ta shawarci maigida. Fom ɗinta na nan a jakata babu komai a kai, kuma rajistara bai ji daɗi ba, don mutum goma sha ɗaya muka samu yau maimakon goma sha biyar da ya sa rai.

Ƙarfe biyu aka yi zaman nazarin mujallu a ƙaramin ɗakin taro, ana ta atishawa. An tattauna binciken da aka yi a Kano tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka kan shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila. Ana ɗora na'ura a gefen kan yaro a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron na cikin haɗari. A Amurka ƙarin jini ake yi mashi kusan duk wata. Mu nan da leda ɗaya sai an tara dangi, shi ya sa aka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ke farfaɗo da irin jinin nan na jarirai, kuma ta rage haɗarin. Farfesa ya nuna ni ya tambayi kwana nawa ƙwayar jinin mai sikila ke yi. Na ce 10 zuwa 20, ta mai lafiya kuma 120. Ya ce wa ya fara rubuta cutar a littattafan Turawa. Na yi shiru, na bayana ya ce Herrick, 1910, a Chicago. Farfesa ya ce daidai, amma kada mu manta kakanninmu sun riga sun sa mata suna amosanin jini ba su jira kowa ba.

Da yamma na bi ta Ƙofar Ƙaura na sayi fura. Bayan isha'i na kira Umma, muka yi zancen sa ranar Yaya da 'yar Kawu da za a yi bayan ƙaramar salla. Na tambaya ko sun yi gwajin jini. Ta ce, "Ke dai tun da kika shiga makarantar nan kowa majinyaci ne a wurinki." Na ce ni dai a yi. Ta ce za ta faɗa wa Baba, da muryar da ban tabbata za ta faɗa ba. Zan kira Yaya da kaina ranar Juma'a.

Gobe akwai gwaji kan tamowa da ƙarfe takwas, ban buɗe ko shafi ba, cajin wayata kuma saura 14.