A cikin wani tsohon bene na birnin Faris

Sana'ata sayar da labule da kayan ɗaki ce a Kano, ita ce kuma ta kai ni Faris a watan Janairu, lokacin baje kolin Maison&Objet da ake yi sau biyu a shekara a Villepinte, kusa da filin jirgin Charles de Gaulle. Rumfuna ne iya ganinka, kujera bayan kujera, har ido ya gaji ya daina bambance mai kyau da marar kyau. Da ƙanwata ta ga na fara gundura sai ta ce in zo ta nuna mini inda irin waɗannan kaya ke zuwa su zauna. Ɗiyar gwaggona ce, 'yar Damagaram, tana aiki a Faris a ƙarƙashin wata mai tsara cikin gidaje. Sun gama wani aiki kusa da lambun Monceau, masu gidan ba su tare ba tukuna, uwar ɗakinta kuma ta yarda mu shiga.

Tun daga titi na lura benayen unguwar duk tsawonsu ɗaya, dutsensu ɗaya mai launin madara, barandar baƙin ƙarfe a hawa na biyu da na biyar ta miƙe daga wannan gida zuwa wancan ba yankewa. Aikin Haussmann ne, wanda Sarki Napoleon na Uku ya damƙa wa birnin daga 1853 zuwa 1870. Ya rushe lunguna, ya kori talakawa da yawa zuwa bayan gari, ya shimfiɗa manyan tituna, sannan ya gindaya wa magina ƙa'idar yadda fuskar gini za ta kasance. A lokacin lifta ba ta yaɗu ba, don haka hawa na biyu shi ne na masu hali: ya yi nisa da hayaniyar titi, bai kuma wahalar da gwiwa ba. Can muka nufa, cikin wata 'yar lifta da aka cusa daga baya a tsakiyar matattakala, mu biyu sai da muka matsu.

Da aka buɗe ƙofa, ƙasa na fara kallo. Daɓen katako ne, an yanka kowane guntu a karkace an haɗa bakinsu, layi-layi har bango, wanda suke kira point de Hongrie. Yana ƙara idan an taka, wani wurin ya ɗan lotsa. Na tambaya me ya hana a cire a sa sabo, tunda kuɗi ba matsalar masu gidan ba ne. Ƙanwata ta dafa ni ta ce, "Haba Yaya, ai wannan aka saya. Daɓen nan da adon silin da murhun jin ɗumi, su uku ne darajar gidan." Ta ce an ɗaga guntayen da suka ruɓe ɗaya bayan ɗaya, aka nemo tsohon katako irinsu aka mayar, aka goge aka shafa mai. Na ɗaga kai na ga silin da ya haura mita uku, gefensa da adon ganye da furanni na farar ƙasa. Shekara da shekaru ana ta lafta masa fenti har zanen ya toshe, sai da mai aikin hannu ya zauna ya kankare shi da ƙaramar wuƙa. A jikin bango ga murhun marmara, da dogon madubi a kansa wanda bayansa ya fara dusashewa. Shi ma an bar shi yadda yake.

A cikin wannan falo mai faɗi, kayan da aka sa ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Akwai kushin ɗin Togo na kamfanin Ligne Roset, wanda Michel Ducaroy ya zana a 1973, soso ne zalla babu katako a cikinsa, a naɗe kamar an tattare bargo, ga shi can ƙasa-ƙasa. Sai teburin dutse gajere, da baƙar fitilar Serge Mouille mai hannuwa uku sirara, da darduma guda ta ulu wadda aka bar gefenta don katakon ya fito. Na zauna a kushin ɗin, nan take na gane dabarar. Duk abin da aka sa an gajarta shi ne don kada ya tare wa mutum taga da murhu da silin. Kana zaune ɗakin yana ƙara tsawo a kanka. Mu a jeren amarya bango muke rufewa da kabet da kwanuka don a ga abin da iyaye suka yi, su kuwa nan kuɗinsu ya tafi ne wajen ganin bangon ya fito.

Haɗa sabo da tsoho ba baƙon abu ba ne a garin. Tun farkon shekarun 1970 Shugaban Faransa Pompidou ya sa mai zana kayan ɗaki Pierre Paulin ya ƙawata masa ɗakunansa na fadar shugaban ƙasa ta Élysée da kujerun zamani, a cikin ginin ƙarni na 18, ba tare da an taɓa bangon asali ba.

Labule ne fagena, a nan na daɗe. Yadin lilin ne mai kauri, launin toka mai haske, ba zubi ba kwalliya. An ɗaura sandar can kusa da silin, nesa da kan taga, yadin ya sauko har ya ɗan kwanta a daɓe. Na juya bayansa na ga shafi biyu, na tsakiya na tare sanyi, bakin kuma ɗinkin hannu ne, zare ba ya nunawa ta gaba. Wannan aiki ya burge ni fiye da duk abin da na gani a Villepinte, domin ɗinkin ne ya sa yadin yake zubowa a miƙe, kuma telolinmu za su iya shi idan mai saye ya yarda ya biya lokacinsu.

Kicin ɗin ne ban yarda da shi ba. A tsarin asali yana can ƙarshen dogon lungu, kusa da matattakalar 'yan aiki. Yanzu an dawo da shi gaba, an haɗe shi da ɗakin cin abinci, da teburin marmara a tsakiya, firji da tukwane duk an ɓoye su a bayan ƙofofi marasa mariƙi. Kafin a fasa bangon da ke ɗauke da gini sai da taron masu gidajen benen ya amince. Kyau kam ya yi kyau. Amma na ce wa ƙanwata wanda zai soya albasa da daddawa kullum ba zai so lilin ɗin can yana shaƙa ba, kuma mai girki tana da haƙƙin ta rufe ƙofa ta yi aikinta ba a kallonta. Marmarar ma, saboda lifta ba ta ɗaukarta, ta taga aka shigo da ita da wani tsani mai inji daga titi.

Kafin mu fita na roƙa a kai ni hawa na shida. Ta bayan tsohon kicin muka bi, matattakala siririya ba lifta. Can ƙarƙashin rufin kwano ɗakunan 'yan aikin da ne, a jere, wasu da banɗaki ɗaya a lungu. Doka ta hana a ba da hayar wanda bai kai murabba'in mita 9 ba, da yawansu kuwa a bakin hakan suke. Da rani kwanon yana gasa su, a birnin da zafi ya kai digiri 42.6 a Yulin 2019. Ƙanwata ta ce a irin wannan ɗaki ta zauna tana ɗaliba, ta kuma san yara 'yan Nijar da Senegal da ke cikinsu har yanzu. Abin ya taɓa ni, domin ƙofar titi ɗaya suke shiga da masu kushin ɗin Togo, kuma ban ji an yi maganar gyara musu rufi ba.

Daga nan muka sauko muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Château Rouge, inda 'yan Afirka ke cin kasuwa, ta sayi kuɓewa da busasshen kifi na tuwon dare, ni kuma na shiga shagunan atamfa ina tambayar farashi.