Asabar: na fara yi wa sojojin Bappa rajista

Hazo ya sauko sosai yau a Gombe, ko ƙarshen layinmu na Jekadafari ba a hange da kyau. Da na karya kumallo sai na jawo akwatin ƙarfen Bappa daga ƙarƙashin gado, na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, na aika aka kira min 'yar yayata, don rubutunta ya fi nawa kyau kuma tana da haƙurin zama.

Bappa, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a kamfanin siminti na Ashaka. Wani Bature injiniya da suka yi aiki tare ne ya bar masa kwalin sojojin wasa lokacin da zai koma ƙasarsu. Daga nan abin ya shiga ransa. Duk inda 'yan gwanjo suka zazzage buhun kayan wasan yara, sai ka same shi a tsugune yana tonawa. Ya san kowane ɗaya, ya san inda ya samo shi da nawa ya saya, amma bai taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba. Da ya rasu akwatin ya zo hannuna, sanin kuwa ya bi shi. Wannan ne yake ci min rai tun tuni, shi ya sa jiya na sayo babban littafi mai bango mai tauri, da fensir, da zaren auduga, da farin kati.

Mun fara da rarrabewa, kuma hannu ne ya yi mana alƙalanci kafin ido. Na darma suna da sanyi a tafin hannu, amma ba su kai nauyin da kake zato ba, saboda cikinsu fanko ne kamar ɓawon gyaɗa. Dabarar kamfanin Britains ke nan na Landan, wadda suka fito da ita a 1893: a zuba narkakkiyar darma cikin ƙarfen zubi, a jujjuya, a tsiyaye ragowar tun ba ta daskare ba. Na nuna wa yarinyar ɗan hujin da ke saman kan wani soja, na ce ta nan darmar ta fita. Kafin wannan dabara Jamusawa ne ke riƙe da kasuwar, irin su Heyde na Dresden masu zubi cikakke mai nauyi, da maƙeran Nuremberg masu yin 'yan sojoji fale-fale. Da Britains ya rage ƙarfen da yake zubawa, sai farashi ya sauko, kasuwar Ingila ta koma hannunsa. Mun gwada su da rula, duk suna kan milimita 54, tsawon da masu tara irin waɗannan kaya ke kira ɗaya cikin 32, wato kashi ɗaya cikin 32 na tsawon mutum.

Sauran na roba ne. Akwai masu jikin roba da gindin ƙarfe kore, waɗanda Britains ɗin ya fara fitarwa a 1971 da sunan Deetail. Akwai 'yan mitsi-mitsi na Airfix da ba su kai gaɓar yatsa biyu ba. Sai tarin koraye da aka buga wa sunan Hong Kong a ƙasa, fuskokinsu a dushe, bindigoginsu a lanƙwashe, domin yawanci daga jikin na asali ake kwaikwayo, kuma duk kwaikwayo sai an rasa wani abu. Waɗannan muka tara su gefe guda, muka ce sai sun jira.

Ni dai tsarin littafin ya fi ɗaukar min lokaci. Na ja layuka: lamba, kamfani, ƙasa, abin da aka yi shi da shi, tsawo, wane irin soja ne, rubutun da ke ƙarƙashin gindinsa harafi bi harafi, lafiyar fenti da gaɓoɓi, sai shekara. Lambar kuwa harafin farko na kamfani ne sai adadi, B-001, B-002, haka. A gidan shekara na hana kaina yin hasashe. Britains ya daina yin sojojin darma masu fanko a 1966, saboda haka duk na darmar "kafin 1966" muka sa musu, iyakar abin da zan iya rantsuwa a kansa ke nan. Na Deetail kuma "daga 1971 zuwa sama". Na san akwai daɗi mutum ya rubuta 1930 ya ji yana riƙe da abin tarihi, amma wanda zai buɗe littafin nan bayana ba shi da hanyar gane inda na sani da inda na ƙiyasta, duk abin da ya gani a rubuce zai ɗauka gaskiya ne.

Yarinyar ta ce, "Kawu, me zai hana mu rubuta lambar a ƙasan ƙafarsu da maka? Ai ya fi sauri."

Na ce mata tawada ba ta fita, kuma nan ne kamfani ya buga sunansa, in muka rufe shi mun rufe shaida. Salatef ma haka, ranar da ka ɓare shi da fenti zai taho, ballantana a zafin watan Maris da Afrilu da manne ke narkewa ya yi danƙo. Sai muka yayyanka katin ƙanana, ta huda da allura, ta rubuta lamba da fensir, ni kuma ina ɗaurawa a ƙafa da zare, sako-sako, yadda za a kwance ba tare da an ja ba. Wasu daga cikin na darmar hannunsu na dama yana motsi a kan ɗan ƙusa, waɗannan ko kusa ba mu ɗaura musu komai a hannu ba. Kowanne in ya samu lamba sai in ɗauke shi hoto da waya gaba da baya da ƙasa, rula a gefensa.

Wajen hantsi muka tarar da abin da ya tayar min da hankali. A cikin wani ɗan akwatin katako da Bappa ya keɓe wasu mahaya dawaki, uku sun yi farin gari a ƙafafu, ɗaya har ƙafar dokin ta fara rugurgujewa. Ciwon darma ke nan. Wasu katakai da manne suna fitar da tururi mai tsami, in an rufe darma da su a wuri mai laima sai ta riƙa komawa gari, kuma abin da ya ci ya ci ke nan. Daminar shekaru ce ta yi aikinta a hankali. Na fitar da su, na naɗe kowanne daban, na rubuta a gidan lafiya daidai inda garin ya kai, don in duba nan gaba in ga ko yana ƙaruwa. Na kuma tashi yarinyar ta je ta wanke hannu da sabulu, na ce waɗannan ni kaɗai zan taɓa. Ba mu manta abin da gubar darma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, yara sama da 400 aka rasa. Sunansu kayan wasa, amma ba yaron da zai yi wasa da su a gidan nan.

Bayan azahar Goggo ta zo, ƙanwar Bappa, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai kuma gumaka ka baje a ɗaki?" Na ce mata ba jera su zan yi a falo ba, a naɗe za su koma akwati. Ta ce to, ai malamai ma sun yi sassauci a kan 'yar tsana saboda Nana A'isha, amma dai a rufe su ya fi. Ta zauna. Can idonta ya kai kan wasu guda shida baƙaƙen fata, sanye da kaki da jar dara, bindiga a kafaɗa. Ta ɗauki ɗaya da bakin mayafinta, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Waɗannan ai su Baba ne. Haka yake a hoton da ya ɓata."

Kakanmu ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan kowa ya sani a gidanmu, amma ban taɓa jin labarin daga bakinta ba sai yau. Ta ce ya tafi da ƙuruciya, jirgin ruwa ya kai su Indiya, ya dawo da tari da kuma ƙin jin ƙarar tsawa. Ta ce in ruwa ya sauko da dare sai ya tashi ya zauna har asuba.

A nan na tsaya da fensir a hannu. Waɗannan shida na san su, na Britains ne, daga jerin da suka yi wa King's African Rifles, rundunar Gabashin Afirka, mutanen Kenya da Yuganda da maƙwabtansu. Namu kuwa rundunar Yammacin Afirka ce, wadda aka kafa a 1897 aka ba Lugga ya riƙe, aka ƙara mata kalmar Royal a 1928, kuma da Hausa ake ba da umarni a bataliyoyinta na Nijeriya. Ita ce ta yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, nan kusa da Bajoga, a watan Yulin 1903. Ita ce kuma bayan shekara arba'in ta kwashi samarinmu zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82, shi ya sa har yau muke da barikin Chindit a Zariya, da Kalapanzin a Kaduna, da Arakan a Apapa. Kayan faretin rundunonin biyu sun yi kama, jar darar ce ke ruɗar mutum. Kuma mutanen gabashin ma sun je Bama da rundunarsu ta 11, saboda haka Goggo ba ta yi nisa da gaskiya ba. Amma in na rubuta "sojan Nijeriya" a gidan wane irin soja, na shigar da ƙarya littafi. In kuma na rubuta sunan rundunar gabas kawai na wuce, na zubar da maganar Goggo, wadda a wurina ta fi sojan darmar daraja nesa ba kusa ba.

Sai na ɗauki rula na ƙara layi ɗaya a ƙarshen shafi, na sa masa kai: "abin da aka faɗa, da wanda ya faɗa". A gaban B-014 zuwa B-019 gidan soja ya ce King's African Rifles, Gabashin Afirka. Sabon gidan kuma ya ce Goggo ta faɗa yau cewa irin shigar mahaifinta ke nan a hoton da ya ɗauka a soja. Na karanta mata duka biyun. Ta ce, "To ka ƙara da cewa nasa akwai jar ɗamara a ƙugu." Na ƙara. Wannan ma daidai ne da kayan faretin rundunarmu, jar ɗamara da 'yar jar riga a kan kaki.

Da ta ga ana rubuta maganarta sai bakinta ya buɗe. Ta tuna cewa masu gindin ƙarfen nan a Jos Bappa ya sayo su, a hanyarsa ta dawowa daga wani kwas. Ta tuna wani soja mai busa ƙaho da ya karye a hannun ɗanta yana yaro, Bappa ya yi kwanaki ba ya kula shi. Muka nemo shi a cikin tarin, ga shi kuwa ba hannu. Yarinyar ta yi ta rubutu har yatsunta suka gaji na karɓa.

Ana kiran magariba muka tsaya a B-041. Na darma duk sun shiga littafi, na naɗe su ɗaya bayan ɗaya, na sa su cikin robar ajiya mai murfi na ɗora saman kabad inda hannun yara ba ya kaiwa. Ɗan akwatin katakon na fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya. Bayan isha na kwafe shafukan a kwamfuta, kowane hoto na sa masa lambar sojansa a matsayin suna.

Goggo ta ce akwai wani gwangwani a ɗakinta a Tudun Wada da take zaton lambobin yabon Baba na ciki, har da mai siffar tauraro da aka ba waɗanda suka yi Bama. Mun yi da ita ranar Juma'a bayan masallaci zan je da waya in naɗi muryarta, ta ba ni labarin tun daga farko. Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga na Deetail, amma sai na fara leƙa kasuwa, zare ya ƙare kuma katin ma saura kaɗan.