Rumfar ƙofa marar ginshiƙi

Masu gida da yawa da ke zuwa ofishinmu a Sabon Garin Zariya rumfa ɗaya suke nema: wadda za ta fito daga jikin bango ba ginshiƙi a gabanta, mota ta shiga ƙarƙashi ba ta gogi komai ba. Muna yi, kuma tana ƙawata gida. Amma kafin mu sa hannu nakan ce, Alhaji, rumfar nan daga cikin gida ake riƙe ta, kuma can kuɗinka za su fi tafiya.

Bim, wato dogon kankaren da ke ɗaukar nauyin gini, in yana kwance kan ginshiƙi biyu, ƙasansa ne ke buɗewa idan nauyi ya hau, shi ya sa mai ɗaurin rodi ya saba jera manyan rodi a ƙasa. Wanda aka kafe ta gefe guda kuwa, irin na rumfar nan, samansa ne ke jan jiki, daidai inda ya baro bango. Miƙa hannu ka riƙe bokitin ruwa, za ka ji inda kafaɗa ke ciwo. To rodin nan dole ya hau sama, ya kuma zarce cikin dekin ko bim na ciki, ya ɗauru sosai. Mu kan bar abin da ya shige ciki ya kai ninki biyu na abin da ya leƙo waje.

Ranar zuba kankare ba na matsawa ko nan da can. Leburori na hawa da kwanon kankare a ka, suna taka rodin sama har ya nutse ƙasa, kankare ya rufe shi, ba wanda zai sake gani. Shi ya sa muke sa masa kujerun ƙarfe da za su riƙe shi a sama, mu shimfiɗa katako a bi ta kai. Na ga wata rumfa a wajen Palladan da ta tsage a gindi ta sunkuya, ga rodi mai kaurin milimita 16 a ciki isasshe, amma duk ya kwanta a ƙasa.

Sai maganar tsawo. Mai gida zai ce a ɗan ƙara, ai mita ɗaya ce kawai. Daga mita 1 zuwa mita 2, ƙarfin da ke murɗa gindin bim ninki huɗu yake zama. Kauri ma binsa yake yi: ƙa'idar da muka koya ita ce kusan kashi ɗaya cikin bakwai na tsawon, wato mita 2 na son santimita 30 ko fiye. Lissafin rodi kuwa aikin injiniya ne, kuma Zariya ba ta rasa su ba, ga Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru.

Tokara kuma, wato katakon da ke riƙe da rumfar daga ƙasa, ba ma cire ta sai kankare ya cika kwana 28, ko da kafinta zai yi ta naci yana son katakonsa. In lokaci ya yi, daga bakin rumfa muke farawa, mu dawo wajen bango a hankali, ni kuma ina tsaye ina duban gindin.